Lambar da Tsatsa Ta Ci

Saƙon ya shigo salulata da la'asar,
hannuna baƙi ƙirin da tsohon mai,
sai da na goge yatsa a gwiwar wando.
Ɗan yayata ne daga Yamai:
"Kawu, masu ƙera injin ban-ruwa,
jan nan mai hannu ɗaya,
sun ce a mayar musu da kayansu.
Tiyon mai yana tsagewa kusa da buji.
Daga lamba kaza zuwa lamba kaza.
Kada a ƙara tayarwa."

A mayar wa wa?
Injin da ya sha teku a cikin akwati,
ya kwana Kwatano, ya yini Ƙonni,
ya bi hannu biyar kafin ya ga albasa,
ba shi da takarda sai rantsuwa da shan hannu.
Sanarwar ma ta shekara biyu da fita.
Inji ya zo a mota,
gargaɗi ya biyo shi da ƙafa.

Na rufe gareji a Tawa tun da asuba.
Babur, tocila, burushin ƙarfe,
da naɗin sabon tiyo na kuɗin aljihuna.
Na kama hanyar Tabalak.

Lambun Nomau ne farko.
Na durƙusa kamar mai gaida surukai,
ina kankare gindin inji.
Bakwai ce ko ɗaya? Tsatsa ta ci wuyanta.
Na tofa yawu, na murza. Bakwai ce.
Na ce, "Nomau, naka yana ciki."
Ya dubi albasa, ya dube ni.
"Saura kwana ashirin, Zabairu.
Ka ce su aiko mini da ruwa,
sai in aika musu da inji."

Ban ga laifinsa ba.
Bashin iri, bashin taki, jikka tamanin,
su ma ba su san jira ba.
Na yanke tsohon tiyo, na sa nawa,
na ce ya riƙa barin ƙarfe ya huce
kafin ya zuba mai.
Ya ba ni tumatir cikin hula.

Haka na bi bakin tafki,
inji tara kafin azahar.

A lambun Arzika babu ƙara.
Da guga yake ja, shi kaɗai,
igiya ta yi masa zane a tafi.
Injinsa na can ƙarƙashin bagaruwa,
gawayi mai siffar inji.
Kowa ya san labarin:
bara, wuta, rumfa, buhu goma sha huɗu,
da hannun Tsalha har gwiwa.
An ce taba yaron ya kunna.
Yaron ya rantse, uban ya ce masa maƙaryaci
a gaban mutane, ran kasuwa.
Ciwo na warkewa ya hau motar Abijan,
ko sallama bai yi ba.

Ba wanda ya aike ni,
amma na durƙusa.
Wuta ta lashe fenti, ta bar lamba
fes, kamar jiya aka buga ta.
Na karanta sau uku.
Na duba salula. Na sake karantawa.

Na ce, "Arzika, ba taba ba ce."

Guga ya kuɓuce, mun ji faɗuwarsa can ƙasa.
Bai bi ta kansa ba.
Ya daɗe yana kallon tsuntsayen tafki
kamar su suka yi maganar.
Can ya share hannu a riga, ya miƙo:
"Akwai kuɗi a salular nan?
Lambarsa tana kaina.
Ban taɓa kira ba, amma tana kaina."

Tsofaffin tiyo tara suna gareji,
na rataye su a ƙusa, bayan ƙofa.
In masu kaya sun zo, ga kayansu nan.